Wanda Ke Amsa Sunan Bulus

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. A majami'a a tare ni, a ɗakin malamai a tare ni, har mai gyara mini babur a Bukuru sai da ya ajiye sifana ya ce wai da gaske ne can jirgin ƙasa yana tafiya ba direba. Da gaske ne. Amma na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Bulus yana karatu a wata jami'a a Kuala Lumpur, korona ta kama shi, aka kai shi asibiti, bayan kwana tara aka bugo mana waya aka ce ya rasu. Can aka binne shi, kuma babu wanda ya ga fuskarsa, har abokansa. Mamarmu ta ce ita ba ta yarda ba. Ta hana a fito da bencin zaman makoki ƙofar gida, ta hana fasto ya sa ranar addu'a, duk wanda ya shigo yi mata gaisuwa sai ta tambaye shi wa ya mutu. Tana kuma da hujjarta. Kowace Lahadi in ta dawo daga sujada takan aika wa Bulus saƙon murya a waya, kafin gari ya waye alamar nan ta an saurara ta koma shuɗiya. Wata biyar ana haka. Na yi mata faɗa, na ce aikin na'ura ne, ta ce to in je in gano wa idona in dawo in gaya mata. Abin da ban gaya mata ba shi ne ni ma shuɗin nan ya hana ni sukuni.

Wanda ya yi mini ɗawainiyar takardun shiga ƙasar shi ne Malam Sani, mutumin Kano, malami a jami'ar su Bulus, kuma mai horar da ƙungiyar ƙwallonsu. Ba ƙwallon da muka sani ba, irin ta Amurkawa ce, wadda ake rungumar ƙwallo mai kama da gwanda a ruga da ita, ƙarti suna bin mutum su kayar. Matsayin da Bulus yake bugawa ana ce masa running back, wato wanda ake miƙa wa ƙwallon daga baya ya kutsa cikin mutane da gudu. Ranar da ya fara gaya wa Mama, ta sa na fassara mata, na ce mai gudu baya. Ta ce ita ba ta haifi mai gudu baya ba, ya nemi wani wurin ya tsaya.

Na tashi daga Jos da jaka ɗaya da ƙunshi ɗaya. Ƙunshin na Mama ne, acca da daddawa da kuka, ta ce in kai wa Bulus don ta san ya rame. Na karɓa. Daga Jos zuwa Abuja an tsayar da mu ya fi sau goma, kowane shinge a leƙo a ga ko mun sa takunkumi, direbanmu kuwa nasa a haɓa yake rataye sai ya hango kaki ya ja shi sama. A Abuja aka zura mini tsinken gwaji a hanci har na ji shi a ƙeyata. Na yi wa yarinyar da ke gwajin tsawa, ta ce in yi haƙuri, akwai sauran uku a gabana kafin in ga Malesiya. Ba ta yi ƙarya ba.

Jirgin da ya sauke mu Kuala Lumpur babba ne, amma mu da ke ciki ba mu cika motar haya biyu ba. Filin jirgin ya fi kasuwar Taminas ta Jos girma, fitilu a kunne, shaguna a rufe, ba ka jin komai sai ƙarar takalminka. Waɗanda suka tarbe mu duk sun rufe jiki da fararen riguna tun daga kai har ƙafa, ba ka sanin namiji ne ko mace sai sun yi magana. Ɗaya ya buɗe ƙunshin Mama, ya ɗaga daddawa yana jujjuyawa. Na san da hancinsa a buɗe yake da ni da daddawar mun kwana a wurin, amma takunkumi biyu ne a fuskarsa. Ya tambaya ko abinci ne, na ce abinci ne, ya ce boleh, wato ba laifi. Daga nan aka ɗaura mini wani abin hannu na roba ruwan hoda, aka ce in na cire shi kafin kwana goma sha huɗu kotu ce za ta raba mu.

Masaukin da aka killace ni yana Titiwangsa, hawa na goma sha ɗaya. Taga ba ta buɗuwa. Ta cikinta ina hango wani tafki da hanyar zagaya shi, ba kowa a kai, sai wani mai shara da ke share wurin da babu wanda ya taka. Sau uku a yini za a ƙwanƙwasa ƙofa, kafin in buɗe mai ƙwanƙwasawar ya ɓace, sai abinci a kan kujera. Kwana goma sha huɗu ban taɓa ganin mai kawo shi ba. Da safe shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, da gyaɗa, da wasu 'yan mitsi-mitsin kifi, da yaji. Na ɗebi yajin nan da ƙarfin gwiwa irin na mutumin Filato, sai na ji sukari a ciki. Ban taɓa jin an ci amanar barkono irin haka ba. A banɗaki kuma babu buta, sai wani tiyo a jikin bango. Na matsa shi ina leƙa bakinsa don in ga yadda yake aiki, ya wanke mini fuska da rigar da na zo da ita.

A rana ta biyu Malam Sani ya saka ni a zauren ƙungiyarsu na waya. Ya ce tun da aka rufe gari suka ɗauki wata al'ada: kowace safiya ƙarfe takwas kaftin ɗinsu, wani Luka ɗan Kafanchan, yana jero sunayen 'yan wasa, kowa ya amsa. Wanda bai amsa ba kafin tara, a je a buga masa ƙofa, don an sha samun ɗalibi shi kaɗai a ɗaki numfashi ya gagare shi. Tunda ni ma ni kaɗai ne a ɗaki, sai a riƙa kiran nawa.

Washegari ina shan shayi sunaye suka fara sauka. Wannan ya ce ina nan, wancan ya ce present, wani ya turo hoton ƙafarsa kawai. Na goma sha bakwai a jerin, Bulus. Na ɗauka mantuwa aka yi ba a goge ba. Ban kai ga ajiye kofi ba amsa ta fito, daga lambar ƙanena, da hotonsa na ranar bikin ƙanwarmu a gefe.

"Ina nan."

Luka ya wuce na goma sha takwas.

Na zauna a bakin gado. Na kira lambar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na rubuta sunansa kawai na aika. Alamar ta koma shuɗiya nan take, sannan waya ta nuna ana rubutu, ana rubutu, sai ta daina. Gari a waye ne, rana fes a kan tafki, amma sai da na tashi na leƙa banɗaki da cikin kabad. Ina koyar da lissafi shekara goma sha tara, ban yarda da fatalwa ba. Abin da ya fi fatalwa ba ni tsoro shi ne na fara tunanin ko Mama ce mai gaskiya. Kowace safiya haka aka yi ta yi, ni kuma na kasa tambaya, don ina tsoron kowace amsa aka ba ni.

Da an gama kiran suna sai a shiga musu, kuma musun ɗaya ne kullum: wane ne running back ɗin da ƙungiyar ba ta taɓa yin kamarsa ba. Mutanen nan an hana su fili, an hana su aji, sai suka mayar da ƙarfinsu kan wannan. Malam Sani yana bayan wani Usman ɗan Sudan da ya yi wasa shekarun baya. Ya ce da idonsa ya ga Usman ya ja mutum uku a bayansa har ya tsallake layi, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Luka da yaran yanzu suna bayan wani ɗan Malesiya, Azman, ɗan ƙaramin mutum, wai an taɓa yin wasa cikin ruwan sama aka tashi rigarsa ko ɗigon laka babu, don ba wanda ya iya taɓa shi. Malam Sani ya ce wanda rigarsa ba ta yi datti ba ai kallo ya zo. Luka ya ce Usman ba gudu yake ba, tafiya yake da mutane a jiki kamar motar kasuwa. Wani ya kawo sunan wani ɗan Yaman, aka taru aka yi masa ca. Har wani da ya buga wasa biyu kacal ya karye a gwiwa sai da aka ambata.

Ba a ambaci Bulus ba ko sau ɗaya. Yaron da ya cika mana kunne da cewa shi ne gwanin gwanaye, ya turo hotuna da kofi a hannu. Na fara da mamaki, na koma jin kunya ko ƙarya yake mana, daga nan raina ya ɓaci. A rana ta goma na kasa daurewa. Na rubuta musu cewa kwana takwas ina karanta shirmensu, sun tono har wanda ya buga wasa biyu, amma ƙanena da ya mutu a ƙasarsu bai isa a ambace shi ba, in bai iya ba ne su faɗa mini. Mutum talatin da wani abu, kowa ya karanta, har da lambar Bulus.

Da la'asar Malam Sani ya kira ni. Bai yi fushi ba, ni ma da na huce na ji nauyinsa.

"Malam Ishaya, ba raini ba ne. Doka ce tun kafin in zo. Ba a saka ɗan wasa a wannan musun sai ya bar ƙungiya, an cire sunansa daga jeri. Wanda yake cikin jeri ba a gama ganin gudunsa ba."

Na ce to Bulus fa.

"Bulus yana cikin jeri."

Na tambaye shi wa ke amsawa. Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, in bari in fito. Kwana huɗun da suka rage ban san ɗanɗanon abin da na ci ba.

Ranar da aka yanke mini abin hannu shi ya zo ɗaukata. Gajere ne mai furfura a gemu, ya dafa ƙirji daga nesa maimakon ya ba ni hannu, haka kowa yake gaisawa a can. Muka bi manyan tituna masu layi huɗu, motoci tsilli-tsilli. A wasu gidajen na ga farin ƙyalle a rataye a taga, wasu har sun yi datti. Na ce mutuwa aka yi a duk gidajen nan? Ya ce a'a, wanda abinci ya ƙare masa ne yake ratayawa, maƙwabta su ajiye masa a ƙofa ba sai ya buɗe baki ya roƙa ba. Na ce a unguwarmu da kafin ka rataya an riga an san tukunyarka ba ta hau wuta ba. Muka tsaya a Kampung Baru ya yi mana tapau, wato abinci a ƙunshe, don ba a zama a ci a shago. Sai ka nuna wayarka a ƙofa, a auna zafin goshinka, sannan a miƙo maka leda a kan tebur kamar ana ba kare mai cizo.

Maƙabarta muka fara zuwa. Sababbin kaburbura jere-jere, jar ƙasa irin ta Bukuru, kowanne da ɗan allo. Na ga sunanmu an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya. Na yi addu'a, na jira in ji wani abu, ban ji ba. Tudun ƙasa ne, kowa zai iya kasancewa a ciki. Na san in na koma da hoton wannan kaɗai Mama za ta ce mini abin da ni ma nake faɗa a zuciyata.

Daga nan sai Taman Melati, wani dogon bene inda ɗalibai ke haya. Malam Sani ya ƙwanƙwasa, wani dogon saurayi ya buɗe, idanunsa sun faɗa. Ya ce shi ne Danjuma, abokin ɗakin Bulus, ɗan Pankshin. Na cire takalmi a ƙofa yadda suke yi, na shiga. Gado biyu ne. Ɗaya a hargitse, ɗaya a gyare tsaf, takalman wasa a ƙarƙashi, hular kwano a kan matashi. A tsakiyar gadon ga wayar Bulus a jikin caji.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce ranar da motar asibiti ta zo, Bulus ya manta wayar, ba a kuma bari a kai masa ba. Washegari aka kira suna, sai ya amsa masa don kada hankalin yara ya tashi, tunda dai zai dawo. Haka ya yi kwana tara. A rana ta goma, bayan labarin rasuwar, Luka ya zo kan sunan, hannunsa ya ƙi gogewa, ya tura jerin yadda yake. Shi kuma Danjuma ya ga sunan yana zaune ba amsa, ya kasa bari. Kowa a ƙungiyar ya san shi ne, ba wanda ya hana shi.

Na ce saƙon Mama fa.

"Yaya, ni nake ji. Every Sunday. Sai na ga bai kamata muryar uwa ta shigo a bar ta ba wanda ya saurara ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Tana cewa ya ci abinci, ya sa rigar sanyi. Ban san tana duba blue tick ba, Allah ya sani ban sani ba."

Na zo da niyyar in na kama mai wannan aikin sai na kwaɗa masa mari. Wata biyar tsohuwa tana korar masu gaisuwa saboda shi, ni kuma na ƙetare rabin duniya da acca a jaka. Amma a daidai lokacin ne na tabbata Bulus ya mutu, abin da kabari bai iya sa ni yarda ba. Na zauna a kan gadon da aka gyara, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka bugo waya. Da na natsu na ciro ƙunshin Mama na miƙa wa Danjuma, na ce ita ta ce a kawo wa wanda ya rame.

An fara sassauta doka a lokacin, an yarda mutane kaɗan su motsa jiki a fili. Ranar Asabar da safe muka haɗu a filin wasan jami'ar, mu goma sha biyu, kowa nesa da kowa. Ciyawa ta kai gwiwa, layukan fili sun goge, kujerun 'yan kallo duk kashin tsuntsu. Danjuma ya dafa gwaten acca ya zo da shi a kula. Ƙarfe takwas Luka ya ce yau da baki za a kira suna, na nesa su amsa a waya. Ya fara. Da ya zo na goma sha bakwai ya ɗaga kai ya dube ni, sannan ya kira.

Wayar Bulus tana hannuna, Danjuma ya ba ni tun a mota. Ban san minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Can nesa jirgin nan marar direba ya wuce a kan gadarsa, ba kowa a ciki. Danjuma ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi. Luka ya sake kira, ya kira na uku, sannan ya sunkuya a kan wayarsa ya goge sunan.

Na ɗauka za a yi shiru a watse. Sai Malam Sani ya gyara murya ya ce to, yanzu Bulus ya shiga musu, kuma shi a ganinsa yaron yana da gudu, amma yana yawan sakin ƙwallo, bai kama ƙafar Usman ba. Na ji kamar in shaƙe shi. Kafin in buɗe baki Danjuma ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce sau nawa ya saki, a ƙirga. Luka ya ce ai ranar da suka ci kofi Bulus ya tsallake mutum a tsaye, Azman bai taɓa yin haka ba. Wani ɗan Malesiya ya ce no lah, wato ina fa, mutumin ya riga ya durƙusa. Nan fa aka kaure, ana nuna wurin da abin ya faru a cikin ciyawa, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce can ne. Sun fi awa ɗaya a kai, gwate ya huce. Ni da ban taɓa ganin wasan ba sai na tsinci kaina ina rantsuwa cewa ƙanena ya fi su Usman su goma.

Dawowa ba ta da labari, tsinke a hanci ne da jira. Na iso gida da hantsi na tarar da Mama a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta tambaye ni hanya ba, ta ce in zauna in faɗa. Na faɗa mata duka, da kabarin, da Danjuma, da kiran sunan, ban rage komai ba. Hannunta bai daina tsintar wake ba har na zo kan musun da aka yi a fili. Nan ta tsaya, ta ce me shi malamin ya ce laifinsa. Na ce wai yana yawan sakin ƙwallo.

Ta gyara tiren da ke cinyarta, ta ce:

"Bai yi ƙarya ba. Marigayi tun yana ƙarami haka yake, in ka aike shi da ƙwai sai ka bi shi da tsintsiya."

Ta ture tiren gefe, ta ce in je gidan fasto, in na dawo in fito da benci.